Larabar da Na Soke Bayan Yaya Tanko

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da muka kai Yaya Tanko makwancinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan tara iyali a yi masa addu'a, a sha koko da waina, kowa ya kama gabansa. Bana na ce sai na rubuta. Shekara talatin da ɗoriya ina buga maganar wasu a takarda, ban taɓa buga tawa ba. Abin da ya tunzura ni wata takarda ce da ke aljihun rigata mako biyu ke nan, ta hana ni sakat, kuma duk sa'ad da hannuna ya taɓa ta sai in ga fuskar wana.

Ga wanda bai san shi ba, Alhaji Tanko wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara ya ba ni. Shi ya kafa 'yar maɗaba'ar da ke lungun bayan masallacin unguwarmu a nan Zangon Kumasi, inda ake buga katin biki, da sanarwar addu'ar mamaci, da jadawalin azumi, da littattafan makarantun Islamiyya. Ni ne a kan babban inji, baƙin ƙarfen nan mai nauyin tsiya da aka sauke da sarƙa tun ina saurayi. Na san shi kamar yunwar cikina. Daga ƙararsa kaɗai nakan gane ko tawada ta yi kauri ko takarda ta sha danshi. Shi ya sa kowa ke kirana Masta Awudu, har waɗanda suka girme ni.

Yaya yana da wata al'ada da ban ga irinta a wani wurin sana'a ba. Kowace Laraba, daga safe zuwa azahar, ba a karɓar aikin kowa. Kowane ma'aikaci zai bar kujerarsa ya koma ta wani. Mai ɗinka littafi ya zo kan inji, mai yankan takarda ya koma haɗa tawada, wanda ya saba ba da umarni ya zauna a koya masa. Yaya yakan shigo da ledar ƙosai ya dire a tebur, ya ce, "To jama'a, yau kowa jahili ne, har da ni." Ni kuwa haushi abin yake ba ni. Rabin yini guda a banza, ga masu biki suna sintiri a ƙofa! Na sha yi masa ƙorafi har da ɗaga murya. Amsarsa ba ta canzawa: mai gidan da ya sabunta inji bai sabunta hannun da ke kansa ba, rabin kaya ya saya.

Da kwamfuta ta fara shigowa harkar ɗab'i, sai ya sayo wata tsohuwa daga wani ofis da aka rufe, ya ɗauki wata yarinya 'yar Asante daga unguwar Krofrom, Akosua, wadda ta koyi buga rubutu. A Zango ta yi wayo wurin kakarta mai sayar da kifi, don haka Hausa a bakinta kamar ruwa. Ranar Laraba sai Yaya ya jawo wata 'yar kujerar katako, irin ta tsugunno da mata ke zama a kai wurin girki, ya zauna a gefen Akosua da ɗan littafi a cinya. Alhaji guda, da furfurarsa, wanda ake miƙewa a gaishe shi a masallaci, yana ƙasa, yarinya tana sama tana ce masa, "A'a Alhaji, ba nan ba, sake." Kafin ka ce kwabo magana ta zaga unguwa. A teburin mai shayi har kwaikwayonsa ake yi. Ni ƙaninsa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ko a jikinsa, in aka tsokane shi ya ce gemu ba ya hana ilimi, ya ci gaba da laluben haruffa da yatsa ɗaya.

Yanzu bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Tun ranar da kwamfutar nan ta shigo na daina zaman Laraba. Na ce wa Yaya takarda ta fi araha a Adum, can tsakiyar gari, ranar Laraba, don haka ni zan riƙa zuwa sayowa. Ƙarya ce tsagwaronta. In hau trotro, motar hayarmu, in gama sayayya cikin awa guda, sannan in laɓe a shagon wani abokina ina cin wake da shinkafa har sai na ji kiran azahar. In dawo ina share gumi kamar wanda ya yi dako. Dalili ɗaya ne: ba zan iya zama a kan 'yar kujerar nan ba, a gaban mutanen da ke rusunawa su gaishe ni, yarinya tana ce mini in sake.

Yaya ya sani. Wata rana na dawo yana alwala a bakin kwata, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Awudu, takardar Laraba dai ta fi ta sauran ranaku nisa." Iyakar abin da ya ce ke nan. Mutumin da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kan Larabarsa, wanda ya taɓa aikawa har gida a taso masa ma'aikacin da ya yi ƙaryar ciwon kai, ni ya ƙyale ni. Ya yi mini kara, don ni ƙaninsa ne, kuma ni ne Masta, bai so ya zubar mini da girma a gaban na ƙasa da ni. A lokacin na ɗauka na yi wayo. Yau ina ganin karar nan ita ce kaɗai cutar da ya taɓa yi mini, kuma ni na roƙe ta da bakina.

Da ya rasu, 'yarsa ta fari Mariama tana jami'a, sauran ƙanana ne, sai riƙon wurin ya faɗo kaina. Larabar da ta biyo bayan addu'ar arba'in, na shigo na tarar an jera kujeru. Akosua ta sayo ƙosai da kanta, ta ajiye 'yar kujerar Yaya a inda ya saba zama. Duk suka zuba mini ido. Na dubi kujerar, na ce aiki ya taru saboda zaman makoki, a bar shi wannan makon. Mako na gaba na sake cewa haka. Ban taɓa buɗe baki na ce na soke Laraba ba, na dai bar ta ta mutu a hankali, har wani ya ɗauke kujerar ya ɗora a kan kabad. Na gaya wa kaina don amfanin sana'a na yi. Gaskiyar ita ce shugaba ba shi da damar gudu Adum, in akwai Laraba dole in zauna.

Zamani bai jira ni ba. Masu aiki suka daina zuwa da rubutu a takarda, suka koma turowa ta waya. Babban injina da ke kwana yana yini a kan aiki ya koma juyawa sau biyu a mako, sannan sau ɗaya. Akosua da samari biyu da muka ɗauka daga baya suka riƙa koyon sababbin abubuwa da kansu. Muka rage mu uku a baya: ni, da Issaka mai ɗinka littafi, da Baba Musa mai yankan takarda. Su biyun nan ba laifinsu ba ne. A tsakiyar kogi na sauke su. Lokacin da Yaya ya rasu Issaka ya kai ga iya buɗe kwamfuta ya buga sunayen ango da amarya da kansa, har yana yi wa matarsa alfahari. Yanzu duk ya gudu. Ni kuwa dabarata ita ce, in mutum ya miƙo mini waya ya ce ga aikinsa, sai in ɗaure fuska in ce, "Akosua, duba wannan," kamar abin ya yi mini ƙanƙanta. Na sakankance babu wanda ya gane.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Watan jiya, wata Asabar da rana, Akosua ta tafi jana'izar danginta a Oforikrom, samarin sun fita kai aiki, Issaka da Baba Musa sun tafi cin abinci. Ni kaɗai ne a shago sai ga wata Hajiya da muka buga wa sanarwar addu'ar mijinta, tasi na jiranta a bakin titi. An rubuta Asabar, ita kuwa Lahadi za a yi addu'ar. 'Yan'uwanta za su hau motar arewa da yamma da takardun a hannu. Kalma ɗaya take so a gyara a sake fitarwa. A zamanin haruffan dalma da ido rufe zan cire shida in sa shida. Na zagaya bayan tebur, na tsaya gaban kwamfutar. Fuskarta ta yi baƙi. Na danna nan, na danna can, sai ta farka ta fito da wani akwati tana tambayata abin da ban gane ba. Gumi ya karyo mini har cikin hula. Hajiya tana tsaye tana jira. Wallahi ban san sa'ad da bakina ya ce, "Hajiya, an ɗauke wuta" ba.

Ta ɗaga kai a hankali ta dubi fanka tana juyawa a samanmu, iskarta na kaɗa mayafinta. Ta sauke kai. Ta tattara takardunta, ta ce, "To Masta, Allah ya kawo ta." Ta fita.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na zauna a kan ɗaurin takardu. Na taɓa tsira daga haɗarin mota a hanyar Tamale, amma ban ji tsoron da na ji a ranar ba. Daga baya na ji wata budurwa ce mai ɗan shago a bakin titi ta gyara mata cikin minti biyar.

Mariama ta dawo bara daga Accra, inda ta yi aiki a wani babban gidan ɗab'i, ta karɓi wurin mahaifinta. Yarinya ce mai ladabi, har yau sai ta rusuna take gaishe ni. Mako biyu da suka wuce ta same ni a gida bayan la'asar. Ta ce za a sayar da babban inji ga masu tsohon ƙarfe, sabo zai iso bayan babbar Salla. Sabon ba shi da hannu ko ƙarfen da za ka juya, komai daga fuskar kwamfuta ake ba shi umarni. Masu kawo shi za su koyar kwana uku kacal, su ma sai wanda ya riga ya san kwamfuta. Sai ta miƙo mini takarda da hannu biyu, ta ja layi a tsakiya. Ta ce, "Baba, kai ne babba, kai ka san kowa. Rubuta mini waɗanda za su iya a nan, waɗanda ba za su iya ba a nan." Ba ta faɗi abin da zai sami na gefe na biyu ba, ni ma ban tambaya ba. Ƙaramin wuri kamar namu ba zai iya riƙe hannu uku da ba sa aiki ba. Takardar da ke aljihuna ke nan.

Tsoro nake ji, jama'a, ba zan ɓoye ba. Shekarata hamsin da takwas. Ina zan je? Akwai wani tsohon abokina, ba zan kama sunansa ba, wanda duk Kumasi babu mai hannunsa wurin rubutu a jikin motoci da allunan shaguna. Da injin yanka haruffa ya zo, ya ce wasan yara ne, zai wuce. Yanzu tun hantsi yana zaune a benci gaban masallaci, mutane na gaishe shi da sauri suna wucewa don kada ya ja su da hira. Duk safiya ta gabansa nake bi. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, ni na tsaya kallo har na ji ƙauri a haɓata. Yunwa ba ita ce ta fi firgita ni ba, 'ya'yana sun girma. Ina tsoron safiyar da zan sa hula in rasa inda zan dosa. Ina tsoron ranar da za a ce mini Masta don tausayi. Abin da ya fi duka ci mini rai kuwa, da hannuna aka ce in rubuta sunan Issaka, mai 'ya a makarantar jinya, da na Baba Musa, alhali ni na rufe musu ƙofar da Yaya ya buɗe.

Ina yawan tambayar kaina, da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga yara suna yi wa waya magana ta zana musu katin biki. Zai ga shagunan ɗab'i da muka taso tare sun koma wurin sayar da katifa. Na daɗe ina ɗauka cewa shi jarumi ne, ba ya jin ko ɗar. Sai kwanan nan na tuna wata magana da ya yi mini a cikin trotro muna dawowa daga wata ta'aziyya. Na ce masa, don Allah ba ka jin kunyar zaman nan? Ya ce, "Awudu, tsoro nake ji, shi ya sa nake zama." Ban fahimce shi ba a lokacin. Ashe tsoro ɗaya muke ji ni da shi. Shi nasa ya kai shi kan kujera, ni nawa ya kai ni Adum.

Na kuma san ba zai ga laifin Mariama ba, don in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Abin da zai tambaya shi ne, wa ya ba mutanen nan lokacin koyon sabuwar rawar? Masu shaguna da makarantu da ofisoshi da ke karanta wannan, ku leƙa wurarenku. Akwai wani Masta Awudu a can, yana ɗaure fuska yana cewa a kira wance ta duba. Kuna girmama shi, kuna rufa masa asiri, kuna jin kun kyauta. Kada ku bari sai ranar da za a ja layi a tsakiyar takarda. Ku ware masa rana, ku zauna tare da shi, shugaba ya fara zama a ƙasa don kowa ya ga ba abin kunya ba ne. Yaya bai yi makarantar boko mai zurfi ba, amma wannan ya gane shi tun kafin ya zama dole.

Shekaranjiya na je wurin Mariama na faɗa mata komai, har da fankar. Na roƙe ta ta dawo mana da Laraba daga yanzu zuwa Salla, ta bar takardar a hannuna har lokacin. Na san ba a fafe gora ranar tafiya, amma Laraba tara ce ta rage, ba ni da wasu. Ta ce, "Na yarda, Baba. Amma ban yi alkawarin komai ba." Na ce na ji. 'Yar ubanta ce, sai dai ita ba za ta yi mini karar da ya yi ba, kuma na gode wa Allah da haka.

Duk abin da kuka karanta a sama da biro na rubuta shi. Na kawo wa Akosua yau Laraba da safe ta buga mini, don in ya fita a jarida duk Zango ta sani, babu sauran Adum da zan gudu. Akosua yanzu uwar 'ya'ya uku ce, furfura ta fara leƙowa daga ɗankwalinta. Tana bugawa ina tsaye a bayanta kamar mai jiran hukunci. Da ta kai wurin fanka sai ta tsaya, ta cire tabarau.

"Ei, Masta," in ji ta. "Ai mun sani. Tun Alhaji yana da rai mun sani."

Na ce, "Ku duka?"

Ta ce, "Har mai kawo mana ruwa."

Na ce to me ya hana su faɗa mini duk shekarun nan? Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce, "Wa zai faɗa wa Masta?"

Fiye da shekara goma sha ɗaya ina ɓoye abin da kowa ya sani, su kuma suna ɓoye mini cewa sun sani. Ni ina jin kunyarsu, su suna jin nauyina, muka taru muka kusa binne mutum uku da rai saboda ladabi.

Wannan sashen na ƙarshe da baki nake faɗa, tana bugawa. Idan na auna abin da Yaya Tanko ya bari, injin da ya yi alfahari da shi a kilo za a sayar, sunansa a allon ƙofa rana ta cinye rabinsa, littattafan da muka buga yara sun yayyaga. Abin da ya rage shi ne 'yar kujerar nan, wadda Issaka ya hau tebur ya sauko da ita ɗazu, Baba Musa ya kakkaɓe mata ƙura da hularsa. Ban san ko ƙwaƙwalwata za ta ɗauka kafin Salla ba. Na riga na rubuta sunana a gefen waɗanda ba za su iya ba, shi kaɗai, da fensir.

Ga ƙosai a tebur. Akosua ta ce iyakar nata ke nan, layin ƙarshe ni zan buga, kakra-kakra, wato sannu a hankali. Ta ajiye kujerar a gefenta, za ta ɗora mini allon haruffa a cinya. Issaka da Baba Musa suna tsaye suna jiran nasu layin. Gwiwoyina na ƙara, amma zan zauna.

Allah ya jiƙan Yaya Tanko. Na zauna.